Gwarzon Yola, Amma Wace Yolar?

Ko da zan tsufa har in riƙa kiran jikokina da sunayen juna, ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara mutanen garinmu a gidan kallon ƙwallo don su shaida ɗaukakata, suka tashi da labarin da har gobe ake kora shayi da shi. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na bi su gida-gida na gayyato su, ni na share wurin, ni na jera bencina da hannuna. Har labulen ƙofa sai da na fesa wa turare.

Bari in fara gaya muku ko ni ɗan ina ne, don a nan bakin zaren yake. Ni ɗan Yola ne. Na san garin da ya faɗo muku a rai, to ku ajiye shi gefe, ba shi ba ne. Tamu Yolar tana cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye a nan Kano, garin dawa da gyaɗa. A wurinmu in aka ce Yola, ba wanda hankalinsa ke wuce bakin gonakinmu. Waccan babbar, in ta kama a ambace ta, Yolar Adamawa muke cewa, kamar ita ce ta zo ta ari sunan a hannunmu. Da wannan fahimtar na tashi, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Na gama karatu na dawo gida da takardar difloma da wata waya mai tsagaggiyar fuska, kuma da wayar nake ɗan abin da nake kira sana'a: katin biki, sitikar suna, hotunan 'yan takara da nake goge musu ƙuraje da tamoji har iyalansu su kasa gane su. Baba bai taɓa yarda aiki ne ba. Latse-latse yake kiransa. In baƙo ya tambaye shi me ɗansa ke yi, sai ya ce, “Yana nan yana latsawa.” Wata rana damina ta fara ja baya, ya kira ni zaure ya ce ya gama magana da Kawu Sale, ƙanin Inna, wanda ke da shagon taki da maganin ciyawa a Rogo.

“Ana gama cirar gyaɗa za ka koma wajen kawunka,” in ji shi. “Sai fa in kafin nan ka nuna mini abin nan naka yana da kai da gindi.”

Ba na ƙin Kawu, ba na kuma ƙin Rogo. Amma na san in na shiga tsakanin buhunan takin nan, ni da zane sai dai a mafarki, don Kawu mutum ne da ko tari ka yi a shago sai ya samo maka buhun da za ka ɗaga.

Ana cikin haka na ci karo da sanarwar gasa a shafin wani kamfanin buga riguna da ke birni. Ana so masu zane su tsara abin da za a buga a gaban tishat, taken gasar kuwa “Garinmu”. Kowa ya zana garinsu ya tura, a ɗora a shafi, jama'a su riƙa danna alamar zuciya a ƙarƙashin wanda ya burge su, dannawar nan ita ce ƙuri'a. Waɗanda suka fi samu za a yi hira da su kai tsaye ta bidiyo ranar ƙarshe, a rufe zaɓe a ƙarshen shirin. Wanda ya zo na ɗaya zai samu kwamfuta, kamfanin kuma ya riƙa ba shi aikin zane. Na garzaya na karanta wa Baba. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, “In ka ci, na janye maganar Rogo.” Na fita daga zauren ina jin kamar an riga an miƙo mini kwamfutar.

Na zauna na yi zane, kuma ba don nawa ba ne, ya yi kyau. Farar saniya ce a tsaye mai dogayen ƙaho, wadda na kwaikwayo daga garken Baffa Ardo, dattijon rugar da ke gabas da mu. A bayanta ruwan dam ɗin Challawa ya miƙe rana na faɗawa ciki, sannan na zagaye duka da ganyen gyaɗa. Sai da na zo rubutu matsala ta taso. Na zaɓi wani salon haruffa masu ƙiba da lanƙwasa kamar zanen lalle, na rubuta YOLA TA ƘARAYE, GARINMU. Ina dubawa sai na ga babu Ƙ. A gurbinta wani ɗan akwati ne fanko zaune yana kallona. Duk mai zane da Hausa ya san wannan akwatin, don yawancin masu ƙera haruffan nan ba su san da zaman ƙugiyarmu ba. Na gwada sa K maras ƙugiya, na ja baya na karanta, sai na ji kamar ina shelar cewa Yola ta karaya. Wa zai sa rigar da ke cewa garinsu ya karaya? Da na yi haƙuri na zana ƙugiyar da hannu, aikin da bai fi shan kofin ruwa ba, da duk wannan labarin babu shi. Amma cajina ya yi ja, ranar kuma ita ce ranar rufe karɓa. Na ce a raina, wa ye bai san Yola a Ƙaraye take ba? Na goge kalmomin biyu, aka bar YOLA GARINMU, na tura.

Kwanakin farko shiru kake ji. Sai wata safiya na hau tudun bayan firamare, inda nan ne kaɗai sabis ke tsayawa a garinmu ba sai an lallashe shi ba, na buɗe shafin. Na zaci idona ne. Na rufe na sake buɗewa. Zanena ya tsallake na wani ɗan Zariya, ya tsallake na wata 'yar Sakkwato, ya hau can sama ya zauna, ƙuri'u kuma suna ta shigowa ina kallo. Na sauko daga tudun nan da gudu har takalmi ɗaya ya cire, ban tsaya ɗauka ba sai da na dawo.

(Na san abin da za ku ce. Garin da sai an hau tudu ake samun sabis, su wa ke dannawa? Tambaya ce mai kyau. Da ma a lokacin kuka yi mini ita.)

Wurin Sabi'u na fara zuwa, abokina tun na firamare, mai gidan kallon ƙwallon garinmu. Na nuna masa, ya riƙe baki, ya ce, “Oga! Ai ni na san za a rina. Gari ya tsaya maka!” Wannan maganar ita ta ƙarasa ni. Gari ya tsaya mini! Mutanen da nake zaton ba su ɗauke ni a bakin komai ba, ashe suna can a ɓoye suna dannawa. Har ƙwalla ta taru mini, na ce wallahi ba zan zama butulu ba, sai na bi kowa na yi masa godiya.

Na fara da Malam Haladu mai shayi. Na tsaya a gaban teburinsa na ce, “Malam Haladu, na ga aiki. Wallahi na gode, Allah ya bar zumunci.”

Ya dakata da zuba shayi, ya ɗan dube ni, sannan ya ce, “Haba, ba komai. Ai yi wa kai ne.”

Na wuce wajen mai faci, ya ce ba komai. Na wuce wajen masu awon hatsi, suka haɗa baki suka ce ba komai, Allah ya ƙara ɗaukaka. Na durƙusa gaban Liman bayan azahar na ce, “Allah gafarta Malam, na gode da abin da aka yi mini.” Ya ce, “Ba komai, ɗana, nauyi ne a kanmu.” Na tashi ina mamakin yadda har Liman ya iya danna zuciya. Inna kuma na tura ta wajen matan unguwa, ta dawo tana washe baki ta ce duk sun ce ba komai, wata ma ta ce tun ina goye ta san za a yi haka.

Akwai sharhin da mutane ke rubutawa a ƙasan zanen, amma ban cika karantawa ba, don data tsada gare ta, ni kuwa lambar ƙuri'a kawai nake hawa tudu in gani. Ɗan abin da idona ya kama, na lura da yawa da Fillanci aka rubuta. Ni ba na jin Fillanci, sai gaisuwa ɗaya da kowa ya sani. Nan take na gano bakin zaren da kaifin basirata: mutanen Baffa Ardo ne suka ga saniyarsu suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Na ari keke na nufi ruga.

Bayan mun gaisa, na tambayi shanu da iyali da gajiya, na ce, “Baffa, godiya na zo yi. Na ga yadda mutanenku suka fito suka ba ni ƙuri'a.”

“Ƙuri'a?” Ya gyara zama. “Ashe kansila kake nema, ɗana? Ba wanda ya gaya mini.”

“A'a, Baffa, ta riga ce. A waya ake yi.”

Na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙura ido, sai ya yi murmushi. “Wannan ai saniyata ce. Ita ma tana cikin takarar?” Na ce ai ita ce ma a gaba. Ya jinjina kai ya ce, “To madalla. Ba komai, ai kai namu ne.” Ya sa aka kawo mini kindirmo. Ina sha ina kallon 'yar wayarsa mai tocila da ke rataye a wuyansa, wadda ko hoto ba ta nunawa, amma ko a jikina.

Har wani sharhi na gani da Hausa ƙarara, an rubuta, “Gaisuwa daga Jimeta, mun tsaya maka, ɗan gida!” Kun san me na yi? Na nuna wa Sabi'u na ce, “Ka gani? Sunana ya kai har Adamawa.” Shi ma ya ce lallai abin ya girma. Ranar da ƙyar na iya cin tuwo don daɗi.

Daga nan tafiyata ma ta canza. Na fara sa tabarau. In an gaishe ni sai in ɗaga hannu ɗaya a hankali, irin na manyan da ke cikin mota. Na fara tunanin inda zan ajiye kwamfutar a ɗakina, har na sa kafinta ya zo ya auna wurin tebur. Da saƙo ya iso cewa ina cikin waɗanda za a yi hira da su ranar Asabar bayan la'asar, sai na ce wannan ba abin da mutum zai yi shi kaɗai a kan tudu ba ne. Sabi'u ya ce zai ɗaura wata waya a saman dogon gora ta jawo sabis, ya haɗa shirin da babbar talabijin ɗinsa, ni kuma in zauna a gefe da tawa wayar in yi magana.

Asabar ta zo, wuri ya cika har waje. Malam Haladu ya rufe teburinsa ya zo. Liman ya zo. Baffa Ardo ya zo da sandarsa don ya ga yadda saniyarsa za ta kaya. Inna ta aiko da dafaffiyar gyaɗa cikin babbar roba, ita da ƙawayenta suka tsaya ta taga. Kawu Sale ya taso tun daga Rogo a babur, yana cewa ya zo ya ga abin da zai hana shi samun ɗan shago. Baba ne ya zo ƙarshe. Bai taɓa taka gidan kallon nan ba tun da aka gina shi, amma ranar ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a, aka ba shi kujerar roba a sahun gaba. Da na gan shi, sai na ƙara gyara zaman tabarau don murna.

Aka tayar da janareto, shiri ya fara. Mai gabatarwa wata mata ce mai fara'a da saurin magana. Ta yi hira da ɗan Zariya, ta yi da 'yar Sakkwato, mu kuwa muna ta cin gyaɗa muna tausaya musu. Sai ga saniyata ta cika talabijin. Wuri ya ɗauki sowa, Inna ta rangaɗa guɗa ta taga. Sai ga fuskata a gefen saniyar, da tabarau da komai.

“Yanzu kuma ga wanda ke kan gaba,” in ji matar. “Kuma yau ku yi mini afuwa, zan nuna son kai, don ɗan garinmu ne. Jama'a, ga gwarzonmu daga Yola ta jihar Adamawa!”

An fara tafi tun daga “Yola”. Da ta kai “Adamawa” sai tafin ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, aka bar mai faci shi kaɗai, shi ma ya duba hagu da dama ya daina. Ni kuwa na ce a raina tuntuɓen harshe ne, in ta ba ni dama zan gyara mata cikin ladabi. Ba ta ba ni ba. Ta matso da fuskarta ta ce, “Jam bandu na?”

Wannan ita ce gaisuwa ɗayar da na sani, tambayar lafiya ce. Na yi murmushi na ce, “Jam.”

Abin da ban gaya muku ba, talabijin ɗin Sabi'u tana ɗan makara. Duk abin da na faɗa a waya, sai an ɗan jima ya fito ta lasifika da ƙarfi. Don haka jama'a suka ji “jam” daga bakina, sannan suka sake jin “JAM” daga bango.

Matar nan ta ji na amsa, sai daɗi ya kama ta. Ta saki Fillanci tiryan-tiryan, ta yi doguwar magana ta ƙare da alamar tambaya, ta tsaya tana jirana. Na duba kaina ciki da waje, kalma ɗaya ce dai a rumbun. Na ce, “Jam.” Bango ya ce, “JAM.” Ta ɗan yi turus, ta yi dariya, ta sake wata tambayar a hankali, yadda ake yi wa mai nauyin ji. Na cire tabarau na ce, “Jam, jam.”

A nan ne Baffa Ardo, wanda shi kaɗai ya san abin da ake ciki, ya ga bai kamata a bar jama'a a duhu ba. Ya juya ya fuskanci bencina, ya ɗaga murya ya ce, “Ta tambaye shi sunan unguwarsu, ya ce lafiya. Ta tambaye shi ɗan gidan wa ye, ya ce lafiya lau.”

Wallahi ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗo daga benci. Malam Haladu ya ƙware da gyaɗa sai da aka bubbuga masa baya. Liman ya rufe fuska da gefen rawani, amma kafaɗunsa suna rawa. Ni kuma a daidai lokacin ne komai ya haɗu a kaina tashi ɗaya: sharhin Fillanci, gaisuwar Jimeta, farar saniya, ruwa, da kalmomi biyun da na goge. Mutanen Yolar Adamawa ne suka ga riga da sunan garinsu, suka ɗauka ɗansu ne ya shiga gasa, suka yi ta turawa juna suna dannawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, in ja tabarau ɗin ma mu tafi tare.

Matar ta dawo Hausa, ta ce, “Ɗan garinmu kunya yake ji yau. To gaya mana, kogin Binuwai ɗin nan da ka zana da kyau haka, daga wane gefe ka tsaya ka kalle shi?”

Na ce, “Hajiya, dam ɗin Challawa ne.”

“Challawa? Ta wace unguwa ke nan?”

Ban ga tasowar Baba ba. Sai dai na ji inuwa a kaina, na duba talabijin na ga gemunsa da rabin hularsa sun cika allo, ni an tura ni can ƙasa sai goshi.

“Salamu alaikum, baiwar Allah,” in ji shi.

“Wa alaikumus salam, Baba.”

“Ina wuni? Ya aiki? Ya mutanen gida?”

“Lafiya lau, Baba, alhamdu lillahi.”

“Ya ƙoƙari? To madalla. Yaron nan ɗana ne. Yolar da yake nufi ta Ƙaraye ce, nan Kano. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Ba mu taɓa zuwa Adamawa ba, amma muna yi musu fatan alheri. A gaishe su.”

Ya koma ya zauna abinsa, bango yana maimaita “A GAISHE SU.”

Matar nan ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Ta danne dariya har idonta ya kawo ruwa, ta ce ashe suna da ƙanwa a Kano ba su sani ba, ta ce zane dai ya yi kyau, ta wuce kan na gaba. Amma ba a rufe zaɓe ba tukuna, kuma zuciyar nan da ake dannawa, in ka sake danna ta sai ta janye. Lambar ƙuri'ata tana ƙasan allo kowa na gani. Ta fara sauka kamar buhun geron da ɓera ya huda. Sharhi kuma yana ta gudu a gefe, yawanci dariya ce, wasu na cewa a dawo musu da kayansu, wasu na rubuta jam jam jam ba ƙaƙƙautawa.

Sabi'u, abokina na ƙut da ƙut, sai jinin sana'arsa ya motsa. Ya miƙe ya kama sharhi irin na ƙwallo. “Ya koma na biyu! 'Yar Sakkwato ta wuce! Ga ɗan Zariya nan tafe, ga shi nan, ga shi nan, ya wuce! Jama'a, ana ta zura mana!” Yara a waje suna amsawa da ihu kamar an ci kofi. Kafin a rufe, na sauko can tsakiya inda ba a ko ambatar suna. 'Yar Sakkwato ce ta tafi da kwamfutata.

Da aka kashe janareto, ba abin da ya rage sai sauran dariya nan da can. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na miƙe na ce, “Don Allah jama'a, tambaya ɗaya. Duk wanda ya danna mini a cikinku, ya ɗaga hannu.”

Ba hannun da ya tashi. Wasu suka shiga duba ɓawon gyaɗa a ƙasa kamar sun yar da allura.

“Sabi'u, har kai?”

“Oga, wallahi na yi niyya. Da na ga kana ta hawa, sai na ce ba ka buƙatar tawa.”

“Malam Haladu, to da na zo ina maka godiya, me ya sa ka ce yi wa kai ne?”

Ya buɗe hannuwa. “To ɗan'uwa, mutum ya tako har wajenka da fara'arsa yana maka godiya, sai ka ce masa ba ka san zancen ba? Ai ba tarbiyya ba ce. Na ce ko wani alherin na yi maka na manta.”

Liman ya yi gyaran murya ya ce, “Ni na ɗauka ta addu'ar da nake yi wa matasa ce bayan salla.”

Gaskiya wannan ta fi faɗuwar yi mini ciwo. Na yi makonni ina yawo da godiya a gari, kowa ya karɓa hannu bibbiyu don kada ya kunyata ni, har suka kai ni inda na kunyata gaba ɗaya. Kawu Sale ya zo wucewa, ya dafa kafaɗata cikin tausayi, ya sunkuyo ya ce, “Jam?” Sannan ya hau baburinsa yana dariya har ya sha kwana.

Washegari da safe na tarar da Baba a ƙofar gida yana shanya gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗaga ido.

“Magana ɗaya ce,” in ji shi. “Ba ka ci ba. Rogo za ka.”

“Haka ne, Baba.”

Ya ci gaba da baza gyaɗa da ƙafa. Can ya ce, “Na ga lambar nan tana sauka, amma ban ga ta ƙare ba. Ta tsaya a wani wuri.”

“Ta tsaya, Baba. Akwai waɗanda ba su janye ba.”

“Su wane ne?”

“Ban san su ba.”

“Ba 'yan garin nan ba ne?”

“Ko ɗaya. Ai ka gani jiya.”

“Ba kuma danginmu na Kano ba?”

“A'a.”

Ya tsaya ya dube ni sosai, irin kallon da yake yi wa gona in yana son sanin ko za ta yi. “To mutumin da bai san ka ba, bai san ubanka ba, ya ji ba ɗan garinsu ba ne, aka yi maka dariya a gabansa amma ya bar hannunsa inda ya sa, wannan ba kara ya yi maka ba. Saniyar ya gani.” Ya juya ya ci gaba da aikinsa. “Ka tafi da wayarka. Zan gaya wa kawunka daga azahar zuwa sama naka ne, ka yi ta zanenka.”

Zanenka ya ce, bai ce latse-latse ba. Na tashi da sauri na shige gida, don ban so ya ga idona.

Yanzu haka a Rogo nake. Da safe ina ɗaga buhu, da yamma ina zane a bayan kanta, kuma duk ƙugiyar da haruffa suka ƙi ba ni, da hannu nake zana ta ko da caji zai mutu. Labarin ya riga ni isa, don Kawu bai bar kowa ba. Manoma daga ƙauyen Jajaye in sun zo sayen taki ba sa tambayar sunana, sai su leƙo su ce, “Ina Jam?” Ni kuma in ce ga ni.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. In ka ga jama'a sun taru suna tafa maka, ka ɗan tsaya ka tambaya wa suke zaton kai ne. In kuma ka yi wa mutumin garinmu godiya ya ce maka ba komai, to ka yarda da shi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, bai yi maka komai ɗin ba.